Yadda Ake Zaɓar Akwatin Wutar Kwamfuta Mai Katin Hoto Biyu Ko Fiye

Yau za mu ɗan ajiye maganar wayoyi, mu leƙa cikin kwamfutar tebur, mu duba wani akwatin ƙarfe da masu haɗa kwamfuta ke bari sai ƙarshe, lokacin da kuɗi ya kusa ƙarewa. Shi ne akwatin wuta, wanda masu shago ke kira fawa saflai, a jikin kwali kuma ake rubuta PSU. Aikinsa ya karɓi wutar bango mai ƙarfin bolt 230, ya mayar da ita bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3 da kayan cikin kwamfuta ke iya sha.

Abin da ya sa na ɗauko wannan darasi shi ne abin da ya faru da ni a nan Wurno. A bazarar 2024 na sayi katin hoto guda biyu na hannu, wato abin da ake kira GPU, samfurin RTX 3060 mai ma'ajiyar 12GB, domin in gwada manhajar Whisper wajen mayar da muryar Hausa rubutu. Kuɗina ya tafi a katunan, sai na ɗauki wani akwatin wuta mai araha da aka manna wa 650W a jiki. Idan ina rubuta kod lafiya ƙalau, amma da na kunna aikin da ke ɗora nauyi a kan katunan biyu, cikin 'yan mintuna kwamfutar ke ɗaukewa ɗif. Na zargi Windows, na zargi katunan. Da na kai ta wajen wani dattijon mai gyara a cikin Sakkwato, juya akwatin kawai ya yi, ya nuna mini teburin da ke jikinsa ya ce: "Yaro, karanta nan. Wat 360 ka saya, ba 650 ba." Na ce: "Baba, ai 650 aka rubuta." Ya ce in ninka 12 da 30. Daga wannan lissafin darasinmu ya samo asali.

Shin kana buƙatar kati biyu kuwa?

Kafin lissafi, a fara da wannan tambayar. Idan don wasan gem ne, amsar ita ce a'a. A da akwai tsarin SLI na kamfanin Nvidia da ke haɗa kati biyu su yi gem ɗaya, amma daga farkon 2021 kamfanin ya daina fitar da sabbin saituna na wannan tsarin, kuma RTX 4090 da ya fito a 2022 ba shi ma da wurin haɗa gadar. Mai son gem ya haɗa kuɗin ya sayi kati ɗaya mai ƙarfi.

Masu cin moriyar kati biyu su ne masu zanen gini da hoto mai motsi a Blender, da masu tace bidiyo da DaVinci Resolve Studio, da masu gwajin ƙirƙirarriyar basira. Akwai abokina a Rabah da ke zana wa mutane fasalin gida kafin a aza tubali, kati na biyu ya rage masa zaman jiran hoto ya kammala. Katuna na hannu kuma sun yawaita a kasuwa tun daga 15 ga Satumba 2022, ranar da Ethereum ya sauya tsari ya daina dogaro da haƙa da katin hoto, masu haƙar suka shiga sayar da kayansu.

Wat, bolt da amfiya

Juya kan cajar wayarka ka karanta ƙananan rubutun. Idan ka ga 5V 2A, ninka su: 5 sau 2, wat 10 ke nan. Bolt sau amfiya shi ke ba da wat, kuma duk lissafin yau a kan wannan ƙa'ida ɗaya ya tsaya. Wanda ya taɓa ban ruwan albasa a fadama zai gane da sauri: bolt kamar ƙarfin turin ruwa ne, amfiya yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo, wat kuma aikin da su biyun suka yi tare. Cajar waya mai sauri na ba da wat 18 ko 33. Katin RTX 3060 guda ɗaya yana shan wat 170, fiye da caja mai wat 33 guda biyar.

Mataki na farko: tara abin da kowane kaya ke sha

Kowane kati yana da adadin wutar da kamfaninsa ya bayyana. Ga na waɗanda aka fi gani a kasuwanninmu:

RTX 4060: wat 115
GTX 1660 Super: wat 125
RTX 3060: wat 170
RX 580: wat 185
RTX 3070: wat 220
RTX 3080: wat 320
RTX 3090: wat 350
RTX 4090: wat 450

Sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A nan a kula, domin lambar da ake tallatawa ba ita ce ƙololuwa ba. Ryzen 5 5600 an rubuta masa wat 65 amma yana kai 76. Core i5-12400 shi ma 65 ne a rubuce, amma idan aiki ya yi nauyi yana kai 117. Ryzen 7 5800X mai 105 yana kai 142. Da ƙololuwar ake lissafi. Sauran kaya, wato uwar allo da RAM da SSD da fankoki, a ware musu wat 60 zuwa 80 gaba ɗaya.

Ga lissafin kwamfutata:

Kati biyu: 170 sau 2 = 340
Furosesa Ryzen 5 5600: 80, na cike lambar
Sauran kaya: 60
Jimilla: wat 480

Wani kuskure da ake yawan yi: Nvidia ta ce RTX 3060 na buƙatar akwatin wat 550, sai mutum ya ninka ya ce kati biyu na son 1,100. Wancan 550 na kwamfutar ce gaba ɗaya mai kati guda, ba na katin kaɗai ba.

Mataki na biyu: ƙara sarari

Ba a sayen akwati daidai da jimillar. Dalili na farko, katin hoto yana fizgar wuta. A cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba yana iya jan abin da ya zarce adadinsa nesa, sannan ya sauko. Idan katuna biyu suka fizga tare, akwatin da ba shi da sarari zai ɗauka gajeren layi ne ya faru, ya kashe kansa. Saboda wannan ne ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta wajabta wa manyan akwatuna masu sabuwar mahaɗar kati su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan wannan lokacin. Idan ka ga ATX 3.0 ko ATX 3.1 a kwali, abin da ake nufi ke nan. Dalili na biyu, kayan cikin akwatin suna raunana da shekaru, musamman a wuri mai zafi.

Ni ina ƙara kashi 35 cikin 100. Wato 480 sau 1.35, ya ba da 648. Ke nan wat 650 na gaskiya shi ne mafi ƙaranci, kuma saboda zafin garinmu na ɗauki 750. Mai RTX 3090 biyu da Ryzen 7 5800X lissafinsa 700 da 142 da 70, jimilla 912. Da sarari ya zama kusan 1,230, sai ya nemi mai wat 1,300.

Kada tsoron kuɗin wuta ya hana ka ɗaukar babba. Akwatin wat 750 ba ya shan 750 kullum. Abin da kayan ciki suka nema kawai yake ja, kamar yadda caja mai wat 33 ba ta tura 33 idan batir ya cika.

Mataki na uku: karanta layin bolt 12

Wannan shi ne abin da ya kama ni. Katin hoto da furosesa daga layin bolt 12 suke sha. A jikin kowane akwati akwai tebur mai nuna +3.3V da +5V da +12V, da amfiyar kowanne a ƙarƙashinsa. Nemi +12V ka ninka. Nawa na farko an rubuta 30A: 12 sau 30, wat 360. Katunana biyu da furosesa suna neman 420. Sauran abin da ya cike 650 ɗin an tara shi ne a layukan da katin hoto ba ya taɓawa, da kuma lambar ƙololuwa da akwatin ba ya iya riƙewa.

A akwati mai kyau na zamani, layin bolt 12 kaɗai yana ɗaukar kusan duk ƙarfin da aka rubuta. Mai wat 750 za ka ga kusan amfiya 62, wato wat 744. Idan lissafinka ya fito ƙasa da kashi 90 cikin 100 na babbar lambar, ajiye shi. Idan ka ga 12V1 da 12V2, an raba layin kashi-kashi ne kowanne da iyakarsa, sai ka duba littafin akwatin kada ka tara katuna biyu a kaso ɗaya.

Haka nan kwamfutocin ofis na hannu irin Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP: an ƙera su don aikin ofis, akwatin wutarsu ƙarami ne, kuma da yawansu mahaɗarsu ta kamfanin ce kaɗai. Ba a gina kwamfuta mai kati biyu a kansu.

Mataki na huɗu: ƙirga igiyoyi

Kati yana samun wuta ta hanya biyu. Ramin da ake soka shi a uwar allo yana ba da har wat 75. Sauran daga igiyar da ke fitowa kai tsaye daga akwati: mai fil 6 tana ɗaukar wat 75, mai fil 8 wat 150, sabuwa mai fil 16 da ake kira 12VHPWR kuma har wat 600. Ƙirga ramukan da ke jikin katunanka kafin ka je kasuwa. Yawancin RTX 3060 fil 8 guda ɗaya ne, RTX 3090 kuwa biyu ko uku. Katin 3090 biyu na iya buƙatar mahaɗa shida.

Ga ƙa'idoji huɗu da ba na karyawa. Na ɗaya, kowane kati da igiyarsa daga akwati. Akwai igiya mai kai biyu. Kada a raba ta wa kati biyu, kuma katin da ya haura wat 225 a ba kowane raminsa igiya daban. Na biyu, a guji adaftar da ke mayar da mahaɗar SATA ta koma ta katin hoto. SATA wat 54 ne iyakarta a layin bolt 12, kati kuma zai nemi 75 ko 150, sai roba ta narke. Na uku, kada a sa igiyar wani akwati a jikin wani, ko da ramin ya shiga daidai. Jerin wayoyin ɓangaren akwati ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, bolt 12 na iya faɗawa inda bai kamata ba. Wanda zai sayi akwati na hannu ya tabbatar igiyoyinsa na asali ne. Na huɗu, mahaɗa mai fil 16 a tura ta har sai ta yi ƙas. A ƙarshen 2022 an sami rahotannin narkewarta a katin RTX 4090, Nvidia ta danganta hakan da rashin tura ta sosai, daga baya aka gyara fasalinta zuwa 12V-2x6.

Masu haƙar kirifto kan haɗa akwati biyu a kwamfuta ɗaya. Yana yiwuwa, amma ga kati biyu babu buƙata, kuma kuskure kaɗan na jawo asara.

Tambarin 80 Plus da kariya

Duk akwati yana zubar da wani kaso na wuta a matsayin zafi. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, shi ke nuna yawan abin da ke isa ga kwamfuta. A rabin nauyi, mai Bronze yana isar da kusan kashi 85, mai Gold kusan kashi 90. Don ba kwamfutata wat 480, mai Gold zai ja kusan 533 daga bango, mai Bronze 565. Wanda ke zubar da kashi 25 kuwa zai ja 640. Ga mai sola ko mai sayen fetur, wannan bambancin kuɗi ne na kowace rana.

Amma tambarin ba shaidar inganci gaba ɗaya ba ne, kuma ana buga na jabu. A duba kwali a ga waɗannan haruffa: OCP da OPP suna kashe akwati idan an ja fiye da kima, OVP da UVP idan bolt ɗin da yake fitarwa ya haura ko ya faɗi, SCP idan wayoyi sun haɗu, OTP idan zafi ya yi yawa. Akwati mai waɗannan yana kashe kansa ya bar katuna da rai. Wanda ba shi da su yana iya tafiya da kayan ɗaruruwan dubban naira. Seasonic da Corsair da be quiet! da Super Flower da Cooler Master sanannu ne, amma kowane kamfani yana da manya da ƙananan samfura. Ko a titin Beirut na Kano kake ko oda za ka yi daga Computer Village na Ikeja, sa a turo maka hoton teburin jikin akwatin, ka binciki lambar samfurin a wayarka kafin ka tura kuɗi.

Zafi da ƙura

Kamfanoni suna bayyana a wane zafi akwati ke iya ba da cikakken ƙarfinsa. Masu kyau suna rubuta digiri 40 ko 50, masu araha 30 ko ƙasa, wasu ba sa rubutawa sam. A yankinmu daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana haura digiri 40, balle ɗaki mai rufin kwano da katuna biyu ke hura iska mai zafi a ciki. Saboda haka a nemi mai 50, in ba a samu ba mai 40 tare da ƙarin sarari.

A ɗora kwamfuta a kan tebur ko katako, ba a kan tabarma ko darduma ba, domin fankar akwatin yawanci daga ƙasa take shaƙar iska. Lokacin hunturu a riƙa hure ƙura duk bayan mako biyu ko uku, bayan an zare soket, a riƙe fanka kada ta juya. Kada ka kwance akwatin wuta da kanka. Akwai kafasito a ciki da ke riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare shi daga bango.

Daga bango: janareto, inbata da sola

Akwati mai kyau ba ya ƙirƙirar wuta, abin da aka ba shi yake sarrafawa. Kwamfutata tana jan wat 533, da allon kallo ta kai kusan 570. Ƙaramin janareto irin Tiger TG950 kusan wat 650 yake iya riƙewa. Ka ƙara fanka da ƙwan fitila, katuna su fizga, ka ji muryarsa ta sauya. A nemi mai kVA 2 zuwa sama, mai na'urar daidaita bolt da ake rubuta AVR.

Inbata da UPS da VA ake auna su, ba da wat ba. Yawancin inbata ana ninka VA da 0.8, wato kVA 1 kusan wat 800 ne. Ƙaramin UPS mai 650VA da ake sayarwa tare da kwamfutar ofis bai kai wat 400 ba, ba zai riƙe kati biyu ba. Sannan akwatunan zamani masu Active PFC sun fi zama lafiya da inbata mai tsarkakkiyar wuta, wadda ake rubuta Pure Sine Wave a jikinta. Ɗaya nau'in mai araha na iya sa akwati ƙugi ko ɗaukewa lokacin sauyin wuta.

Wani ɗan'uwa a Goronyo mai tace bidiyon biki ya tambaye ni ko batir biyu masu 200Ah za su kai shi dare. Mu lissafa: 12 sau 200 sau 2, wat-awa 4,800. Batirin ruwa ko na jel ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 2,400. Inbata ta ci kusan kashi 15, saura 2,040. Raba da 570: awa uku da rabi. Na ce masa ya mayar da aiki mai nauyi tsakar rana, lokacin da faifan sola ke ba da wuta kai tsaye.

Idan wutar layi ta zo da rauni, duba ko akwatinka an rubuta masa 100-240V. Irin wannan yana jure faɗuwar bolt, sai dai yana jan amfiya da yawa: wat 570 a bolt 230 amfiya 2.5 ne, a bolt 160 kuma 3.6. Don haka a guji siririn estenshan, a sa sitabilaiza mai kVA 2, a tabbatar soket yana da wayar ƙasa. Akwati mai jan makunni na 115 da 230 a bayansa tsohon fasali ne, kuma idan aka tura shi 115 a wutarmu nan take yake ƙonewa. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a zare soket gaba ɗaya.

Dabarar rage shan wuta

Ana iya sa wa kati iyaka. A Windows manhajar MSI Afterburner tana da majanyin rage wuta. Mai katin Nvidia zai iya buɗe wurin rubuta umarni da izinin admin ya rubuta:

nvidia-smi -i 0 -pl 130
nvidia-smi -i 1 -pl 130

Wannan ya sauke kowane RTX 3060 daga 170 zuwa 130, an rage wat 80 ke nan. A aikina saurin da na rasa kaɗan ne, ɗakin kuma ya rage zafi. Amma wannan dabarar sauƙaƙa wa batir ce, ba hujjar sayen ƙaramin akwati ba, domin saitin na iya gogewa idan aka sake kunna kwamfuta.

Bayan ka haɗa komai, gwada kafin ka karɓi aikin mutane. Kunna OCCT ya ɗora nauyi na minti 30 da tsakar rana, ka buɗe HWiNFO kana kallon wat da zafin kowane kati. Idan ta ɗauke, ko ka ji ƙaurin roba, ko mahaɗar igiya ta yi zafin da ba ka iya taɓawa, kashe ka koma kan lissafi.

Aikin gida: ɗauki takarda ka rubuta katunan da kake son saya, ka tara wat ɗinsu da na furosesa da 70 na sauran kaya, ka ninka da 1.35. Sannan ka raba jimillar farko da 0.9 ka ga ko janaretonka ko inbatarka za su ɗauka. Da wannan takardar za ka shiga shago. A darasi na gaba in Allah ya yarda za mu duba yadda ake gwada katin hoto na hannu kafin a biya kuɗi. Sai mun haɗu.